Hanyar da ke takarda ƙafa 40 ce, ta ƙasa ƙafa 13

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure na unguwa. A gafarce ni da dogon rubutu da sassafe. Jiya bayan la'asar motar yashi ta kawo wa Musa kaya, ta kasa shiga layinmu. Direba ya yi gaba ya yi baya har sau uku, daga ƙarshe ya juye yashin a bakin kwalta, yara suka yi ta kwasa da baro har aka kira isha. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauko takardar awon da aka ba ni a 2014 lokacin da na sayi filina, na duba. Hanyar da ta bi ta ƙofar gidana ƙafa 40 aka rubuta. Yau da na dawo daga asuba na sa tef na auna daga katangata zuwa sabuwar katangar da ke kallonta. Ƙafa 13. Ina 27 suka shiga? Sannan filin bayan masallaci, wanda tun zuwanmu ake ce mana na makaranta ne, na ga an kafa turakun siminti an sauke bulo. Mun baro unguwar Aboabo da ke cikin Kumasi saboda matsi, ga shi muna gina wata Aboabon a bayan gari da hannunmu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji ka riga ni ne kawai.

Awudu Direba: Alhaji, tunda katangata ake nufi, gara a ambaci sunana a huta. Ni ban ci hanyar kowa ba. A 2021 samarin fada suka kawo ni nan, suka nuna mini kusurwa huɗu, na biya, aka ba ni takardar rabo da hatimi a kanta. Tana nan cikin leda a ƙarƙashin katifa. Inda aka nuna mini nan na gina, ko taku ɗaya ban ƙara ba. Kafin nan ɗaki ɗaya nake haya a unguwar Sawaba, ni da maiɗakina da yara huɗu, ga mai gida ya ce sai na ba shi kuɗin shekara biyu a dunƙule ko in kwashe kayana. Wanda ke cikin wannan hali aka nuna masa rabin fili da kuɗin da zai iya, kuna tsammani zai tsaya tambayar ina hanya ta bi?

Garba: Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Ku nuna mini mai gida ɗaya a Kumasi da ya taɓa jin labarinta.

Alhaji Sani: Awudu, wallahi ba da kai nake ba. Da wanda ya sayar maka nake.

Bashiru: Ina kwananku iyayena. Bari in ɗan sa baki, tunda tsara gari na karanta a Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi. Baba Alhaji da Yaya Awudu duk kuna da takarda, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa. Matsalar ita ce takardun biyu ba daga taswira ɗaya aka ciro su ba. Takardar awo filinka kaɗai take nunawa da abin da ke maƙwabtaka da shi. Uwarta ita ce taswirar unguwa gaba ɗaya, wadda ke nuna ina hanya, ina magudanar ruwa, ina makaranta, kasuwa, filin wasa, makabarta. Ita ce majalisar gunduma ke amincewa da ita, a ajiye kwafi a ofishin tsara gari. Abin da ke faruwa a ƙananan garuruwan da ke kewaye da Kumasi shi ne, in filayen da ke taswirar suka ƙare, masu saye kuma ba su daina zuwa ba, sai a kira wani mai awo ya sake zana wata a gefe. A wannan ta biyun hanya ta rame, makaranta ta zama filaye takwas, bakin rafi ya zama rabi-rabi. Wurin da ba shi da mai shi takamaimai, shi ake fara yankawa, don babu wanda zai fito da adda ya ce nawa ne.

A doka kuwa, tun 2016 akwai dokar amfani da ƙasa da tsara wurare, mai lamba 925, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1945. Ita ta kafa LUSPA, hukumar tsara amfani da ƙasa. Mai ƙasa, ko sarki ne, ba shi da ikon yanka filaye ya raba a gari sai da yardar majalisar gunduma. Filin da aka ware wa jama'a kuma, sauya shi zuwa wani abu sai an kai gaban majalisar dokoki ta ƙasa.

Garba: Ɗana Bashiru, ka iya karatu, Allah ya ƙara basira. Amma ni dokar da na sani ita ce jan fenti. Ka fara gini, su zo da mota su rubuta maka a bango a dakatar da aiki a kawo takardar izini. Ka bi su ka gaisa, gobe ka ci gaba. Jan fentin nan ba hani ba ne, sallama ce. Ni na kai takarduna neman izini, na yi wata tara ina zirga-zirga, yau mai sa hannu ya tafi jana'iza, gobe kwamiti bai zauna ba. Da na ga kuɗin siminti na hawa ina kallo, na ce bismilla na tona harsashi.

Bashiru: Kawu Garba, a ƙa'ida kwana 30 na aiki ne.

Garba: A ƙa'ida.

Malam Iro Magini: Ku bar ni in faɗi abin da na gani da idona, shekarata 26 ina ɗora bulo. Akwai wanda na yi wa aiki, da kansa ya sayo jan fenti ya ce yarona ya rubuta a katangarsa, don in masu mota suka zo su ɗauka abokan aikinsu sun riga su. Akwai wanda ya ce mini kada mu fara sai Juma'a da yamma, mu kwana muna yi da fitila, kafin Litinin a kai linta. Turken iyaka kuwa, wanda ya fi ƙafa biyu a ƙasa ban taɓa gani ba, mutum ɗaya da diga zai matsar da shi kafin a idar da sallar isha. Ba sarki ne ke wannan ba, mu ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Rabi: To madalla da aka samu mai faɗin gaskiya. Ku maza kuna maganar ƙafa 40 da ƙafa 13 kamar lissafin makaranta. Ni bari in gaya muku abin da ƙafa 13 take nufi. Watan Yuni da ya wuce naƙuda ta kama matar ɗana ƙarfe biyu na dare, ana tsuga ruwa. Muka kira mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, ya zo bakin layi ya ce shi ba zai shiga ba, don ruwan duk unguwa ta nan yake bi tunda babu kwata, ƙasa ta zaizaye ta zama rami. A kan bencin da nake sayar da waakye, shinkafa da wake, muka ɗora yarinyar nan, mutum huɗu suka ɗauka, ni ina gaba da tocila a baki ina riƙe da zanena. Allah ya sa ta sauka lafiya. Amma tun daga ranar in na ga hadari gabana faɗuwa yake. In gobara ce fa? Motar kashe wuta ta ina?

Na biyu, ruwa. Famfon gwamnati bai iso mu ba, kowa rijiya ya tona. Tawa tana bayan ɗaki, maƙwabcina ya zo ya tona ramin bayan gida a jikin katanga, tsakaninsu bai kai taku goma ba. Ban ga laifinsa ba, ina zai kai shi? Yanzu ruwan rijiyar wanki kawai nake da shi, na girki saye nake.

Bashiru: Mma Hajiya, abin da masana lafiya ke cewa a bar tazarar kamar mita 30, wato wajen ƙafa 100, tsakanin rijiya da ramin bayan gida. Fili mai ƙafa 50 a 70 ko ta kusurwa aka auna ba zai ba da wannan ba. Ƙaramin fili ba laifi ba ne in akwai famfo. Rabin fili da rijiya da rami, shi ne ba sa zama wuri ɗaya.

Malama Zainab: Ina so in ce wani abu, kada a ji haushina. Kun san mahaifiyata Batoniya ce, wato Asante, 'yar wani ƙauye nan kusa, don haka ina jin abin da ake faɗa a ɗaya ɓangaren. Nan da muke zaune gonakin koko ne da rogo da ayaba. Mutanen da kakanninsu suka sare dajin, wata rana suka wayi gari suka ga mai awo a cikin gonarsu, aka ce gari ya iso. Wasu an ba su fili ɗaya ko biyu, wasu ko sidi. 'Ya'yansu su ne samarin da ke tare mu da kuɗin tono in za mu fara gini. Ba ina kare su ba ne, amma su a ganinsu baƙi sun zo sun gina benaye a gonar ubansu, su kuma suna tura baro.

Sannan ku tambaya wa ya biya kuɗin zana taswirar tun farko. Majalisa ba ta da kuɗin, sarki ne ke ɗauko mai awo, kuma sau da yawa da filaye ake biyansa. Wanda ladansa fili ne, kuna so ya bar eka huɗu wa makaranta?

Alhaji Sani: Wannan magana ce. Ban taɓa kallonta ta nan ba.

Bashiru: Anti Zainab ta taɓo jijiyar. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da dangi take. Ikon tsarawa yana wurin majalisa, ikon rabawa yana fada. Kuɗin kuma haka ya rabu. Harajin ƙasa na shekara-shekara, tsarin mulkin 1992 ya faɗi yadda za a yi da shi: ofishin da ke karɓa ya cire kashi 10, abin da ya rage a ba kujerar sarauta kashi 25, masarauta kashi 20, majalisar gunduma kashi 55. Amma wannan ɗan kaɗan ne. Babban kuɗin, wanda muka biya ranar saye, sunansa kuɗin abin sha, wato godiyar da a da ake yi da kwalba ɗaya. Yau shi ne farashin filin, kuma ba ya bi ta wancan rabo. To wanda ake jira ya yi hanya da kwata bai ga kuɗin ba, wanda ya ga kuɗin ba a ɗora masa yin hanya ba.

Musa Italiya: Salam daga Brescia, yanzu na fito daga aiki na ga saƙo ya haura 40. Yashina ne ya tayar da maganar, to bari in faɗi nawa. Filin nan sau biyu na saye shi. Na biya a 2016, na dawo hutu bayan shekara uku na tarar wani ya zuba harsashi a ciki, shi ma da takardarsa. Aka ce ai a jikin tawa an rubuta in ban fara gini cikin lokaci ba ƙasa ta koma hannun mai ita. Sai da na sake biya aka ba wancan wani wuri. Tun daga nan na kewaye da katanga, na yi ɗaki ɗaya na sa mai gadi. Ni da zama cikinsa sai nan da shekara goma in Allah ya kai mu. Na san irina ne suka cika unguwar da kango da ciyawa, amma in ban yi haka ba a karo na uku zan saya.

Garba: Boga, ɗan ci-ranin Turai, ya yi magana.

Bashiru: Yaya Musa, abin da ka faɗa shi ne dalilin da garin ke faɗi ba ya cika. Ku hau tudun bayan makarantar allo ku ƙirga, a gida goma nawa ne ake kwana ciki? Kowa ya kafa harsashi don tsare wuri, mai neman inda zai zauna yau sai ya wuce can gaba. Turakun lantarki da bututun ruwa sai sun ratsa kango biyar kafin su kai ga mutum ɗaya. Haka Kenyase ta haɗe da gari, haka Abuakwa, haka Pankrono zuwa Mamponteng, yanzu Ejisu ma ba ka gane inda Kumasi ta ƙare. A ƙidayar 2021 mun kai miliyan 30.8, kuma fiye da rabi a birane muke. Mutane ba za su daina zuwa ba.

Malam Tanko Liman: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Kuna ta maganar inda za a zauna, ba wanda ya ambaci inda za a kwanta. Mu nan in aka yi rasuwa sai mun nemi mota mun kai makabartar Tafo. Kuma duk wanda ke Kumasi a watan Fabrairun 2016 ya san abin da ya faru a Tafo kan katangar makabarta, har aka rasa rai, aka sa dokar hana fita, mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka koma ba sa haɗa ido. Asalin abin iyaka ce da ba a tabbatar da ita a takarda ba tun ƙasa tana da yawa. Tun ran gini, tun ran zane. Mu yau gidajen Musulmi a nan sun fi 60 a ƙirgen da na yi da azumi. Har yanzu akwai daji a hayin rafi. In muka bari shekara biyar, ko da kuɗi a hannu ba za mu samu eka biyu a haɗe ba.

Alhaji Sani: Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce ta fi tsaya mini yanzu ma fiye da hanyar.

Hajiya Rabi: A'a Alhaji, kada a bar hanyar. Matattu sa iya jira a kai su Tafo, mai naƙuda ba ta jira.

Malam Tanko Liman: Hajiya ta fi ni gaskiya a wannan. A haɗa duka biyun.

Bashiru: Abu ɗaya kan hayin rafi, Malam. A bar wa ruwa wurinsa. Tsarin gwamnati na 2011 ya ce a bar mita 10 zuwa 60 a bakin rafi gwargwadon girmansa. Mu da muka tashi a bakin rafin Pelele ba sai an ba mu labari ba, mun kwashe katifa a kai tsakar dare. Can ma da fadama ce ake noman latas da kabeji, aka cike ta da shara aka gina. Kuma makabarta ba ta son wuri mai ruwa kusa.

Alhaji Sani: Ni abin da ke ba ni mamaki, ku dubi tsohuwar unguwar Asawase. Tun bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta, yau shekara kusan 80, an yi ƙare-ƙare an toshe lunguna, amma manyan layukan suna nan a miƙe, mota na shiga. Mutanen da ba su da kwamfuta sun iya, mu da kowa ke da taswira a waya mun kasa.

Garba: Alhaji, can gwamnati ce ta riƙe ƙasar, ta yi hanya tukuna sannan ta kawo mutane. Nan mutane ne ke fara zuwa, hanya ta biyo su tana neman inda za ta raɓa. Kuma ku bar ganin kamar za mu je mu yi wa fada tsawa. Mu baƙi ne. Kakana a Kumasi aka haife shi, amma ranar da aka yi rigimar ƙasa za a tuna mini daga Arewa muka zo. Duk takardunmu haya ce ta shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba ma 50. Ni dai na ce a bi a hankali.

Malama Zainab: Kawu, 99 ɗin nan ba don kai Bahaushe ba ne. Batone ma da ya sayi fili a garin da ba nasu ba abin da ake ba shi ke nan, tsarin mulki ne ya hana a sayar da ƙasar sarauta har abada. Kuma layin nan ba mu kaɗai ba ne a kansa. Akwai Tonawa, akwai Frafra, akwai malamin cocin da ke ƙarshen layi wanda motarsa ke kwana a bakin titi. In muka mayar da ita maganar Zango, mun faɗi tun kafin mu tashi. A tafi da su.

Game da fada kuma, ba a rasa mai jin magana ba. Otumfuo, babban sarkin Asante, ya sha tuɓe sarakunan da aka kama da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma dagatai sun san haka. Dokar ƙasa ta 2020 ma ta ce sarki amana yake riƙe, ana iya tuhumarsa. Ba sai mun ambaci ko ɗaya a gaban Nana, sarkin garin nan, ba. Ya ga mun zo da kwafin taswira a hannu, ya san mun san hanyar Manhyia, fadar Otumfuo.

Awudu Direba: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini yadda za a yi da ni. Faɗin filina ƙafa 50 ne. In aka ce a mayar da hanya 40, me ya rage mini? Ramin bayan gidana ma a wannan gefen yake, na kashe kuɗin da na tara na wata takwas a kansa. Ku da kuka zo da wuri kuka samu 100 a 100, da sauƙi ku ce a bi taswira.

Malam Iro Magini: Awudu kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai za a yanka ba. Alhaji, ka yafe mini, amma tunda ka sa tef bari mu sa shi daidai. Ka ce daga katangarka ka auna. Shagunan nan uku da na gina maka a gaban gida a 2018, a cikin filinka suke? Ni na riƙe igiyar. Turkenka yana nan a cikin shago na tsakiya, ƙarƙashin firjin mai sayar da ruwa. Ƙafa shida muka fito, ka ce ai hanyar ta yi faɗi da yawa, wa zai yi amfani da 40 a wannan daji.

Garba: Allahu akbar. Ana neman ɓarawon akuya, ga igiya a aljihun mai cigiya.

Hajiya Rabi: Garba ka ji tsoron Allah, ka sa na ƙware da koko.

Alhaji Sani: Malam Iro, ka tona ni a gaban yara. Haka aka yi, ba zan musa ba. Wallahi na ma manta, don lokacin ba kowa a gaban sai rogo. To 21 ne a wajen Awudu, shida a wajena. In za a rushe, a fara da nawa.

Bashiru: Baba, kafin a kai ga guduma. Ba lalle a dawo da 40 ba. Layi ne na cikin unguwa, ba babbar hanya ba. In aka samu abin da mota biyu za su gifta, da kwata a gefe, an tsira. Majalisa na iya gyara taswira in mazauna suka nema, abin da ba a so shi ne kowa ya gyara da kansa da dare. Ga abin da nake gani. A fara samo kwafin taswirar da aka amince da ita, da hatimi, ta hannun ɗan majalisarmu na unguwa, kada a bi ta 'yan goro, wato 'yan kamasho da ke tsaye a ƙofar ofis. Sai an gan ta za a san ko filin bayan masallaci na makaranta ne da gaske ko faɗa kawai aka yi mana don mu saya. In na makaranta ne, a rubuta takarda kowa ya sa hannu tun bulon bai hau ba, domin in aka yi rufi aka shiga, magana ta zama ta kotu, kotun ƙasa kuma kun san ta. Wanda ya sauke bulon ma a neme shi, wataƙila irin Yaya Awudu ne, bai sani ba.

Abin da ya rage na filin kuma kada a bar shi da ciyawa. A kafa ragar ƙwallo, a shuka darbejiya a kewaye, yara su riƙa wasa kullum. Fili mai ciyawa ake sayarwa, wanda yara 50 ke ciki kowace yamma mai saye ma tsoronsa yake.

Malama Zainab: Na ɗauki nauyin itatuwan, ɗalibaina za su shuka.

Musa Italiya: In za a kawo gireda ta share layin a tona kwata, ku sa ni a lissafi. Amma kuɗin a hannun Hajiya zan turo, ba a hannun maza ba.

Malam Tanko Liman: Zuwa fada kuma a bar mini da Alhaji da malamin cocin. Ba ma kai kwalbar giya, sun san haka, kuɗi ake sawa a ambulan a madadinta, kuma a nemi mai magana da yawun sarki tukuna, ba a faɗa wa Nana magana kai tsaye. Buƙata uku za mu kai: makaranta, makabarta, da Awudu. Tunda daga fada aka nuna masa wurin, su ya kamata su cika masa abin da zai rasa, ko da a wani gefen ne.

Garba: Su cika masa? Malam, ka taɓa ganin kura ta mayar da nama?

Malam Tanko Liman: Ban taɓa gani ba. Amma ban taɓa tambayarta ba kuma.

Awudu Direba: Ni ban yi alkawarin komai ba tukuna. A kawo taswirar in gani da idona, Bashiru ya nuna mini inda nake a ciki. In ƙafa shida ko bakwai ne, kuma jama'a za su taimaka da bulo da tonon sabon rami, sai mu yi magana. In 21 ne, sai dai a ɗauke ni da katifata.

Hajiya Rabi: Ba mai ɗaukarka, benci ɗaya gare ni.

Alhaji Sani: To Asabar bayan asuba, kowa ya fito ƙofar gidansa da takardar awonsa. Malam Iro ka zo da dogon tef ɗinka da diga, a tono turakun da suka nutse. Bashiru kai za ka rubuta. Wa zai gaya wa mutanen ƙarshen layi, tunda ba sa cikin nan?

Malama Zainab: Ni, in na taso daga makaranta.

Awudu Direba: A fara awon daga shagon mai firji.

Alhaji Sani: Na ji. Zan ce masa ya kwashe ruwansa tun daren Juma'a.